Kalmar "si" a harsunan Turai: kalma ɗaya ce, ko kalmomi ne da suka yi kama da juna?

Ɗaliba daga Katsina ta rubuta:

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa na wannan zaure. Shekarata ta biyu ke nan ina koyon Faransanci, kuma cikin duk abin da aka koya mana babu wanda ya hana ni sakat kamar wata 'yar kalma mai haruffa biyu, wato *si*. A watan farko an ce mana ma'anarta "idan", kamar a *si tu veux*, idan kana so. Daga baya muka ci karo da ita a jimla irin *il est si grand*, inda take nuna cewa girman mutumin ya wuce misali. Ban gama ajiye waɗannan biyu a kaina ba sai ta uku ta zo mini ta hanyar da ba zan manta ba. Malaminmu ya dube ni ya ce *tu n'as pas fait le devoir?*, wato ba ki yi aikin gida ba? Ni kuwa na yi, littafin yana cikin jakata, saboda haka na amsa da *non*, ina nufin a'a, na yi. Sai kawai ya sa sunana cikin waɗanda ba su yi ba, kuma da na miƙa masa littafin ya yi dariya ya ce abin da ya kamata in faɗa shi ne *si*.

Abin bai tsaya nan ba. Yayana yana aiki a Italiya, idan ya zo hutu aka kira shi daga can ba abin da nake ji a bakinsa sai *sì, sì*, kuma ya gaya mini ita ce "i" tasu ta yau da kullum. Na ji mutanen Sifen ma haka suke cewa, na Fotugal kuma suna cewa *sim*. Abin da nake roƙon a warware mini shi ne, shin duk waɗannan kalma ɗaya ce da ta rarrabu, ko kuwa kama ce kawai? Daga ina ta samo asali? Idan kuma maƙwabtan Faransa duk da ita suke amsawa, me ya sa Faransawa suka kama *oui* suka bar *si* sai ga tambaya mai korewa?

Malamin Faransanci, Damagaram:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kada abin ya dame ki, domin babu shekarar da ba na gyara wannan kuskure a bakin ɗalibaina, kuma ba rashin ƙoƙari ne yake jawo shi ba, tsarin Hausa ne yake biyo su har cikin aji. A Hausa, "i" da "a'a" suna amsa wa mai tambaya ne, suna gaya masa ko zatonsa daidai ne ko ba daidai ba ne. Idan aka ce wa Bahaushe "ba ka ci abinci ba?", zai ce "i, ban ci ba", ko kuma "a'a, na ci". Faransanci ba haka yake tafiya ba, domin *non* ba ruwanta da zaton mai tambaya, aikin take kallo, kuma duk inda ta fito tana nufin aikin bai auku ba. Shi ya sa malaminki ya ɗauka kin amsa laifinki. To idan tambaya ta zo da korewa, mutum kuma yana so ya rushe korewar, *oui* ba ta isa ba saboda takan bar mai sauraro cikin shakka, sai a ɗauko *si*, wadda aikinta ke nan: "ba haka ba ne, na yi".

Duk wanda ya yi makarantar allo ya san irin wannan kalma tun kafin ya ji Faransanci, sai dai bai lura ba. Larabci yana da *na'am* da *la*, yana kuma da *bala*, wadda ake amsa tambaya mai korewa da ita. A Suratul A'araf, aya ta 172, da aka tambayi zuriyar Annabi Adamu *alastu bi rabbikum*, ashe ba Ni ne Ubangijinku ba, amsarsu *bala* ce, kuma malaman nahawu sukan ja hankalin ɗalibai cewa da *na'am* suka ce, da ma'anar ta juya. Nakan gaya wa ɗalibaina su riƙe cewa *si* ta Faransanci ita ce *bala*, kuma wanda ya riƙe haka ba ya sake tuntuɓe. Jamusanci ma yana da tasa, *doch*, harsunan Suwidin da Denmak da Norwe kuma suna da *jo*.

Game da asali, *si* ɗin da kika lissafa guda uku daga kalmomin Latin biyu suka fito. Ta sharaɗi daga *si* ta Latin ce, wadda tun a bakin Rumawa ma'anarta "idan". Sauran biyun kuwa daga *sic* suke, ma'anarta "haka", sai baƙin ƙarshe ya faɗi da tafiyar zamani. Idan kika fassara su da "haka" za ki ga hanyar a fili take, domin mu ma mukan ce "ban taɓa ganin mutum mai tsawo haka ba", wanda shi ne *si grand*, mukan kuma tabbatar da magana da "haka ne" ba tare da mun ce "i" ba. Ita ce kuma take ɓoye a wutsiyar *ainsi* da *aussi*. Ta sharaɗi ce kaɗai take zubar da wasalinta a gaban *il*, shi ya sa ake cewa *s'il vous plaît*, wanda asalin ma'anarsa "idan ya yi muku daɗi". Wani abu da zai amfane ki idan kin haɗu da mutanen Kebek na Kanada shi ne, su ba su cika amfani da *si* ta rushe korewa ba, *oui* suke cewa.

Ɗan Zango mazaunin Napoli:

Gaisuwa ga Malam, kuma Allah Ya ƙara basira. Ni ba manazarci ba ne, zama da mutane ne ya koya mini Italiyanci, amma ina so in ƙara wa ƙanwarmu abin da na gani a nan, domin rabon da Italiyawa suka yi ya bambanta da na Faransawa. A nan "i" ita ce *sì*, da 'yar alama a kan wasalin, kuma da ita ake amsa kowace irin tambaya, mai korewa da marar korewa. "Idan" kuwa *se* ce, saboda haka ba a rikita su. Amma akwai wata *si* marar alama da Malam bai ambata ba, wadda take yawan fitowa a magana, ita ce ake sa wa a gaban aikatau idan aikin ya koma kan mai yin sa, kamar *si lava*, yana wanke jikinsa, ko kuma idan ba a san mai aikin ba, kamar *si dice*, ana cewa. A ƙofofin gidaje za ka ga an manna *affittasi* ko *vendesi*, wato ana ba da haya, ana sayarwa, ita ce dai ta koma ƙarshen kalma. "Haka" kuma a nan *così* ce, wadda ta gaskata abin da Malam ya faɗa.

Mutanen Sifen da muke aiki tare da su suna da irin wannan alama: *sí* mai alama ita ce "i", *si* marar alama ita ce "idan". Mu da muke rubuta "gari" ga birni da kuma abin tuwo, mu bar mai karatu ya gane da kansa, ba mu da bakin yi musu dariya.

Italiyawa suna alfahari da wannan kalma fiye da yadda za ki zata. Babban mawaƙinsu Dante, mutumin Fulorans wanda ya rayu daga 1265 zuwa 1321, ya kira Italiya *il bel paese là dove 'l sì suona*, kyakkyawar ƙasar da ake jin amon *sì* a cikinta, kuma har yau *bel paese* kirari ne na ƙasar. Sai dai ina da ja a kan abu ɗaya, Malam. Zuciyata ba ta kwanta da cewa *si* ta "idan" da *sic* ta "haka" baƙin juna ba ne. Kalmomi biyu a harshe ɗaya, harafi ɗaya ne ya raba su, a ce babu dangantaka? Ina so wanda ya san Latin ya duba mana.

Manazarcin harshe, Zariya:

Ɗan'uwa na Napoli ya yi gaskiya, Malam na Damagaram ma bai yi kuskure ba, zamani ne kowannensu yake magana a kai daban. A Latin na zamanin manyan Rumawa irin su Sisero da Kaisar, *si* da *sic* kalmomi biyu ne masu aiki daban, kuma daga wannan mataki harsunan yau suka gaje su. Amma idan aka ƙara komawa baya, *sic* ba komai ba ce illa *si* da aka liƙa wa ɗafin nuni *-ce*, irin wanda yake ƙarshen *hic* da *hoc* da *nunc*. Tsohuwar siffar *si* ita ce *sei*, ma'anarta ta farko kuma wani abu ne kamar "a wannan hali", daga nan ta zama kalmar sharaɗi. Saboda haka 'yan uwa ɗaya ne da suka rabu tun Latin yana yaro, suka yi ɗaruruwan shekaru kowa da gidansa, sannan faɗuwar baƙin ƙarshe ta sake mayar da su kama ɗaya a Faransanci da Sifaniyanci.

Abin da ya fi muhimmanci ga tambayar ɗalibarmu shi ne, Latin ba shi da kalma guda tsayayya ta "i". Idan aka tambayi Barume ko ya zo, yakan maimaita aikatau ne ya ce "na zo", ko ya ce *ita*, ko *sic*, ko *etiam*, ko *certe*, gwargwadon ƙarfin da yake so ya ba amsar. Harshen Fotugal ya riƙe wannan ɗabi'a har yau, domin ko da yake yana da *sim*, idan aka ce wa mutum *queres?*, kana so, amsar da aka fi ji ita ce *quero*, ina so. Da Daular Rum ta yamma ta wargaje a ƙarni na 5, Latin na bakin talakawa ya ci gaba da rarrabuwa, kowane yanki ya ɗauki ɗaya daga cikin hanyoyin tabbatarwa ya mayar da ita "i" tasa. Italiya da yankin Iberiya, wato Sifen da Fotugal, suka ɗauki *sic*. Kudancin Faransa ya ɗauki *hoc*, ma'anarta "wannan", ta zama *oc*. Arewacin Faransa ma *hoc* ɗin ya ɗauka, ta lalace ta koma *o*, sai aka riƙa haɗa ta da wakilin suna: *o je* idan ni ne na yi, *o il* idan shi ne. A hankali *o il* ta cinye sauran ta daskare ta zama *oïl*, wadda ita ce *oui* ta yau. Kin ga ke nan Faransawa ba barin *si* suka yi ba, tun farko wata hanya suka bi, suka ajiye *si* ga wurin da ake bukatar amsa mai ƙarfi.

Wannan rabo ne Dante ya yi amfani da shi a wani littafi da ya rubuta da Latin a wajajen 1303 zuwa 1305, mai suna *De vulgari eloquentia*, inda ya kasa harsunan da suka fito daga tushe ɗaya gida uku bisa kalmar da suke tabbatarwa da ita, wato harshen *oc*, harshen *oïl* da harshen *sì*. Sunan ya bi ƙasa, domin yankin Languedoc na kudancin Faransa, inda birnin Monfeliye yake, ma'anar sunansa "harshen *oc*", kuma sunan Oksitan, harshen mutanen kudancin, ma daga nan ya fito. Abin da ya sa *oui* ta yi rinjaye a kan *oc* ba fifikon harshe ba ne, ƙarfin sarauta ne. Yaƙin da aka ƙaddamar a kan kudu daga 1209 zuwa 1229 ya karya sarakunan birnin Tuluz ya shigar da yankin ƙarƙashin sarkin Faransa, sannan a 1539 Sarki Faransuwa na Ɗaya ya kafa dokar Villers-Cotterêts, wadda ta wajabta rubuta takardun shari'a da na mulki da Faransanci.

Akwai wata takarda da nake son ɗalibai su gani, Rantsuwar Sitirasbug ta ranar 14 ga Fabrairu, 842, wadda ake ɗauka a matsayin rubutu mafi tsufa na harshen da ya zama Faransanci. Jikokin Sarki Sharlaman biyu, Luwis da Sharl, suka yi wa juna alkawarin haɗa kai a kan yayansu Lotar. A rantsuwar Luwis akwai *si salvarai eo cist meon fradre Karlo*, haka zan kare wannan ɗan'uwa nawa Sharl, wannan *si* ta *sic* ce. A rantsuwar mayaƙa kuma aka buɗe da *si Lodhuvigs sagrament*, idan Luwis ya kiyaye rantsuwar, wannan ta sharaɗi ce. Rikicin da ya same ki a aji ya fi shekara dubu ɗaya da ɗari yana nan a takarda ɗaya. A rubuce-rubucen ƙarnonin da suka biyo baya an fi rubuta ta sharaɗin *se*, kamar yadda Italiyanci da harshen Fotugal suke yi har yanzu, kafin ta dawo *si*. A Latin na malaman coci ma *sic* ta riga ta zama "i", shaida kuwa sunan littafin Fita Abela na ƙarni na 12, *Sic et Non*, wanda ya jera maganganun magabata masu karo da juna a kan mas'aloli 158.

Harshen Romaniya ne ya fi ba ni sha'awa a wannan babi. Shi ma ɗan Latin ne, tun daga mamayar da Sarkin Rum Tarajan ya yi wa ƙasar Dasiya, wato yankin Romaniya ta yau, a shekara ta 106, amma ya tashi a tsakiyar harsunan Silab, dangin Rashanci, sai ya ari "i" tasa daga wurinsu, *da*. Ita kuwa *sic* ba ta ɓace ba, ta zama *și*, ana furta ta kamar "shi" ta Hausa, kuma ma'anarta mahaɗin nan namu na Hausa, "da". Kalmar da Ba'italiye yake amsawa da ita ita ce Baromaniye yake haɗa suna da suna da ita.

Ita kuma *si* marar alama da ɗan'uwa ya kawo daga Napoli, wannan baƙuwa ce a gidan. Daga wakilin suna na Latin *se* ta fito, mai nufin "kansa", kuma *sí* ta Sifaniyanci a *para sí*, don kansa, daga *sibi* take, wata siffa ta wannan wakilin suna. Danginta su ne *sich* ta Jamusanci da *si* ta harsunan Cek da Bulgeriya, dukkansu daga tsohon tushe ɗaya na harsunan Indiya da Turai. A nan ne nake jan kunnen ɗalibai game da gajerun kalmomi, domin baƙi ɗaya da wasali ɗaya ba su da yawan hanyoyin haɗuwa, dole a riƙa samun kama ba tare da dangantaka ba. Mutumin Girka idan ya ce *ne* ya yarda ne, mutumin Cek idan ya ce *ne* ya ƙi, kuma shi ɗin idan ya ce *no*, gajeruwar *ano*, yarda yake nufi. A Suwahili *si* kalmar korewa ce. Hausa tana da "da", Rashanci yana da *da*, kuma babu abin da ya haɗa su sai kunne.

Ɗaliba daga Katsina:

Na gode ƙwarai, malamaina, Allah Ya saka da alheri. Misalin *bala* ya warware mini abin da na yi watanni ina fama da shi. Saura biyu ƙanana. Shin baƙin da yake ƙarshen *yes* ta Ingilishi yana da alaƙa da wannan *si*? Sannan wata ƙawata 'yar Maraɗi idan tana jera sautukan kiɗa takan ce *do, re, mi, fa, sol, la, si*, alhali mu a firamare *ti* aka koya mana. Ita ma wannan *si* ɗin daga *sic* take?

Manazarcin harshe, Zariya:

Ko ɗaya daga cikinsu ba ta fito daga *sic* ba, 'yata. *Yes* a tsohon Ingilishi *gese* ce, kuma bayanin da ya fi karɓuwa shi ne haɗin *gea*, wadda ta zama *yea*, 'yar'uwar *ja* ta Jamusanci, da wata siffa ta aikatau mai nufin "ya kasance", wato kamar a ce "i, ya zama haka". Inda suka yi tarayya da *si* ta Faransanci shi ne aiki, ba asali ba. Har zuwa ƙarni na 16 Ingilishi yana da kalmomin amsa huɗu: *yea* da *nay* ga tambayar da ba ta da korewa, *yes* da *no* ga mai korewa. Ke nan *yes* ita ce *bala* tasu a da, kafin ta kori *yea* ta gaje gidan duka. An ɗauki bambancin da muhimmanci har Tomas Mo, wani masanin Ingila, a wajajen 1532, ya soki Wiliyam Tindal da cewa ya sa *no* inda *nay* ta dace a fassararsa ta Linjila.

Ta kiɗa kuwa ƙirƙirarta aka yi. A ƙarni na 11 wani malamin coci a Italiya, Gido na Arezzo, ya ɗauki gaɓoɓin farko na layukan wata waƙar yabon Yahaya Mai Baftisma ya sa wa sautuka shida suna da su: *ut, re, mi, fa, sol, la*. Da aka bukaci suna ga na bakwai bayan wasu ƙarnoni, sai aka haɗa haruffan farko na kalmomi biyu da suka rufe baitin, *Sancte Iohannes*, aka samu *si*. *Ut* kuma aka musanya ta da *do* a Italiya a ƙarni na 17 saboda ta fi daɗin rerawa. A ƙarni na 19 wata malama a birnin Norwic na Ingila, Sara Gulova, tana koya wa yara waƙa ta hanyar rubuta harafin farko na kowane sauti, sai ta ga *sol* da *si* duk da harafi ɗaya suke farawa, ta canza wa na bakwai baƙi. Tsarinta ne ya bazu a makarantun ƙasashen da Ingila ta mulka, shi ya sa ke da kika yi firamare a Katsina kike cewa *ti*, ƙawarki ta Maraɗi kuma tana cewa *si*.